Kara Ɗaya

Bayan isha'i, ƙofar shagon mai gyaran rediyo a Bilbis,
an ɗora shayi na biyu, gardama ta riga shi tafasa.
Sukairaju, direban hanyar Ƙwanni, ya daki benci:
"Kadade na Kalfu! Ku rufe zancen nan!
Kakana ya gan shi shekarar da fara ta cinye gero,
ya kashe maza huɗu kafin la'asar ta yi sanyi,
na biyar da ya ji kalangu
sai ya tuna ya bar awaki a daji."

Wani yaro mai waya a hannu ya ja tsaki:
"Mutanen da, tsayuwa suke kamar turmi,
a buga maka, ka rama, a ga wanda zai gaji.
Arzika Bahagon Barmu fa?
Ka neme shi gabas, hagunsa ta same ka daga yamma.
Babana ya sayar da zakara don ya gan shi."

Aka auna tsawo, aka auna ƙirji.
Aka ce Kadade mahauci ne, cinyar raƙumi yake saɓawa shi kaɗai.
Aka ce Arzika rijiya yake haƙa, numfashinsa ba ya ƙarewa.
Shekara ashirin da uku tsakanin tashensu,
ba su taɓa haɗa ido a fili ba,
amma ga su nan an jera su kan tabarma
tsakanin gawayi da gwangwanin sukari.

Sai suka juyo gare ni,
ni da nake gefe ina fama da goro da dasashi.
"Baba Nomau, kai ka ɗaura wa su biyun.
Ran ƙarfinsa da ran ƙarfinsa, wa zai sha ƙasa?"

Na san hannuwan nan fiye da fuskar ƴaƴana.
Na Kadade sanyi gare shi kamar randa,
ba ya magana in ana ɗauri,
kuma kowane wasa sai ya zagaya bayan zana ya yi amai.
Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.
Na Arzika, ƙaramin yatsa a karye tun yana yaro,
sai na sa tsumma na lallaɓa shi.
Yana jin guɗa garkuwarsa take sauka,
na yi faɗa har na gaji.

Da dare ina haɗa su, ba zan ɓoye ba.
Wata rana Kadade ya tare shi a turmi na farko.
Wata rana Arzika ya yi ta zagaya shi
har dutsen ya gaji ya durƙusa.
Ban taɓa yin mafarki ɗaya sau biyu ba.

Na ce: ku saurara.
Da ciwo ya kwantar da Kadade, ya miƙo mini karansa.
Ya yi shekaru cikin burgami, ƙarƙashin gadona.
Ranar da na ga yaron Barmu, na ciro shi,
na juya naɗin daga dama zuwa hagu.
Kara ɗaya ne.
To in sun shigo fili rana ɗaya,
wa zan ɗaura wa,
wa zan tura gaban jama'a da hannu tsirara?

Sukairaju ya ce: "Wannan ba amsa ba ce, Baba!
Ran Lahadi sai a sayo wani a kasuwa, dala goma."
Na yi dariya har goro ya shaƙe ni.
Aka zuba na uku, suka koma kan tsawo da ƙirji.

Na ɗauki sandata na nufi gida.
Karan yana nan, bai tsinke ba.
Jikata ta ɗaure akuyarta da shi a gindin adua,
ita ma, iya sanina,
ba a taɓa kayar da ita ba.