Burodi Mai Kitso

Duk daren Alhamis nake kwaɓa ƙullinta daban,
ƙwai huɗu, zuma cokali biyu,
in yi masa kitso igiya shida
yadda Orna ta koya mini da yatsunta masu rawa.
Sauran burodin Agege na kwance a gwangwani, kai a aske,
nata kaɗai ke da gashi.

Juma'a, da an sauko daga masallaci,
in hau danfo, in ratsa doguwar gada,
in kai mata Ikoyi da sauran ɗumi.

Na taɓa tambayarta: addu'a kuke yi a kai?
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Tanimu, ni ban yarda akwai kowa a sama ba.
Kakata ce ta yarda.
Ni kuwa da kakata na yarda."

Na rasa aljihun da zan sa maganar.

Amma na ga teburin.
Kyandir biyu, ko da an kawo wuta.
Wani likitan haƙori daga Yaba,
'yan mata biyu da ba sa gajiya da gardama,
tsohon da ya manta rabin waƙar
yana cike gurbin da hanci.
Babu mai ɗaga ido sama.
Juna suke kallo.

Ta yago gefe, ta barbaɗa gishiri,
ta miƙo mini abin da hannuna ya kitsa.
Na ce bismillah.
Ta ce, ci, kada ya huce.