Sau Ɗaya Tak

Ƙarfe biyun dare a Mabera,
janareton maƙwabci ya yi shiru,
ni da kwamfuta muna hararar juna.
Manhajar da na gina wa dillalan albasa
ta faɗi karo na tara.

In mutum ɗaya ne, lafiya lau take.
Ranar kasuwar Acida kuwa,
arba'in suka tambayi farashi tare,
ta sandare kamar jakin da ya ga gada.

Yayana Zayyanu ya leƙo ta kafaɗata,
bakinsa cike da ƙosai mai sanyi:
"Mi kika yi nan, Luba?
Kowane zare shi ka tada injin sadarwa da kainai?"

Na duba. Kunya ta kama ni.
Layi guda ne,
na shuka shi cikin kowace buƙata.

Sai na tuna kakanmu Jabbi a fadamar Kwalkwalawa.
Rijiya ɗaya ya haƙa, shekarar da aka haifi inna.
Guga nawa ta gani tun lokacin?
Ba wanda ya zo da ƙishi
ya ɗaga galma a kan mai ɗiba.

Na tumɓuke layin, na kai shi bakin zaure,
can sama, kafin zaruruwa su rarrabu.
Ɗan'uwansa mai rufe ƙofa
na aje shi ƙarshe, shi ma sau ɗaya.

Ladan ya yi gyaran murya.
Saƙo daga Wurno: nawa buhu yau?
Amsa ta tafi.
Wani ya shigo, wani, wani.
Zayyanu tuni ya yi barci a kujera.