Faifai da Rumbu

Kwamfutar shagona ta koyi nawa.
In na ce ta buɗe takarda
sai ta tsaya nishi kamar jaki a hawan gada,
ɗan zoben nan yana ta juyi a gilashi,
masu jiran a buga musu takardar neman aiki
suna duban agogo, suna sulalewa.

Na rungume ta a bayan mai babur
daga Yelwa har cikin kasuwa,
ranar Garwa na dukan ƙeyata,
zuwa rumfar Hamajoda, bayan masu gyaran fanka,
inda matattun injuna ke jibge, ciki a buɗe,
ba mai yi musu gaisuwa.

Ya kwance noti biyu, ya zare murfi.
Yanar gizo ta gaske muka tarar a ciki,
da gawar kyankyaso.
Kafin ya sa hannu sai da ya dafa ƙarfen akwatin.
"Wutar jikin mutum," in ji shi, "ta isa kashewa."

Na ce, to hotunan sunan Astajam fa?
Littafin masu bashina fa?
Ya ce, "Suna rumbu, ba rumbu za mu taɓa ba."
Ya zaro wani ɗan allo kore,
tsawon matajin kai, haƙoransa ruwan zinari.
"Wannan faifai ne.
A kansa take baza abin da take tsincewa yanzu.
Naki giga biyu, faifan 'yar tsana.
Kowace ƙwaya sai ta je rumbu ta dawo,
ina za ta ga ƙafar hanzartawa?"

Mai giga takwas, jaka goma sha biyar.
Na taya sha ɗaya, ya ce albarka.
Muka tsaya a sha uku, da kuɗin shayinsa.

Ya gwada, ya ƙi shiga.
Bai tilasta ba. Ya juya shi:
akwai giɓi a haƙoran,
sai ya dace da ɗan tudun da ke cikin gurbi.
Ya danna da manyan yatsu biyu, ƙas,
'yan kunnuwan gefe suka kama da kansu.
Ya kunna. Fanka ta juya. Ƙara ɗaya, siririya.
Kafin in gyara mayafi ta gama farkawa.

"Amma fa, in an ɗauke wuta, faifai ya kife.
Abin da ba ki kai rumbu ba..."
Ya hure tafin hannunsa.

A gida Baffa na ƙarƙashin darbejiya.
Shekara talatin ya yi a ƙofar gidan waya
yana rubuta wa mutane wasiƙu,
da Faransanci ga gwamnati, da ajami ga iyaye.
Tambaye shi kuɗin kilon auduga shekarar da aka haife ni.
Tambaye shi sunan matuƙin jirgin
da ke hawo Binuwai da gishiri in ruwa ya cika,
zai gaya maka har launin hularsa.
Rumbu maƙil, ko ƙwaya gara ba ta ci ba.

"Kin dawo?"
Na dawo, Baffa.
Na sauke kwamfuta, na sha ruwan randa.
"Kin dawo?"

Tsohon allon na ƙulle a bakin zanena,
Hamajoda ya ce ba shi da mai saye.
Na miƙa masa. Ya ɗaga shi ga haske,
ya shafa haƙoran da farce.
"Na mene ne?"
Na gaya masa, faifai da rumbu, giɓi da gurbi.
"Nawa sabon?"
Jaka sha uku.
Ya jinjina kai. "Arha," ya ce,
"wallahi arha."

Akuya ta gitta. Ladan ya gyara murya.
Ya dubi abin da ke hannunsa,
ya dube ni.
"Na mene ne?"

Na jawo kujera kusa da shi.
Na fara daga noti na farko.