Tambayoyi Uku Bayan Ƙanƙara

Daren Laraba ƙanƙara ta sauka a garinmu,
kowace ɗaya kamar ƙwan zabuwa.
Ta kwantar da masarar Nebraska tun daga bakin titi,
sannan ta hau rufin mutane da duka
kamar mai bin tsohon bashi.

Da asuba babana, Orval Vrbka,
yana ɗaure tsani a bayan mota, bai ce uffan ba.
Ni na san nawa aikin.
Na kunna kwamfuta, na biya dala arba'in,
hotonsa ya shiga yawo a wayoyin gari:
yana tsaye a kan rufi, guduma a ƙugu,
a ƙasa na rubuta, dubawa kyauta ce.

Kafin hantsi baƙin motoci sun cika unguwa,
masu lambar jihohin da ban taɓa takawa ba.
Hadari suke bi kamar ungulu da mushe.
Su karɓi kafin alƙalami da murmushi,
su buga ƙusa huɗu inda ake son shida,
kafin sanyi ya shigo sun yi layar zana.

Ni kuwa rariya ce.
Waya ta yi ƙara sau sittin da ɗaya,
kowa tambaya uku nake masa:
Gidan naka ne, ko haya kake?
Kana da inshora?
Yaushe kake son a fara?
Wanda ya amsa daidai in shafa wa sunansa kore,
wanda ya yi inda-inda, ja.
Tsaba gefe, dusa gefe.
Haka aka koya mini a kwas na mako biyu:
kada tsani ya jingina inda kuɗi ba ya kwana.

Kira na arba'in da bakwai muryar tsohuwa ce,
Delfina Ocampo, can bayan mayankar shanu.
Gidan da sunan ɗanta yake,
ɗan yana Denver, ba ya ɗaukar waya.
Inshora ta mutu tun bara.
Yaushe? Ta yi 'yar dariya. "Jiya, 'yata."
A bayan muryarta ina jin ɗis, ɗis, ɗis,
ba cikin bokiti ba, cikin tukunya,
don ƙarar ta ƙarfe ce.
Na ce za mu neme ta.
Na shafa mata ja.

Da dare Baba ya zauna duba sunaye,
yatsansa mai kwalta yana bin layi a hankali
har ya tsaya.
"Wannan fa?"
Na ce, "Ba ta cancanta ba."
Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
"Shi ruwan ya san da haka?"

Ran Asabar ya tafi da ragowar kayan gidan wani likita,
ni na riƙe masa tsani.
Facin kore ya fito a kan rufi ruwan ƙasa,
ko daga titi ana ganinsa kamar tabo a goshi.
Ta biya dala tamanin, duk 'yan biyar-biyar,
da kwanon dafaffen garin masara naɗe a ɓawo,
yana tururi.

Ba zan yi ƙarya ba, ranar mun yi asara.
Babban gidan nan na kan tudu, mai kore a littafina,
ya gaji da jira ya kira baƙin.
Na lissafa kuɗin sau biyu a mota,
Baba yana ci, yana lasar yatsa.

Litinin na koma kujerata.
Tambayoyin suna nan, ukun, ban rage ko ɗaya ba,
haya da man mota ba sa jin tausayi.
Sai dai yanzu idan na tambaya
nakan ɗan yi shiru kafin in taɓa launi,
in danna wayar sosai a kunne,
in saurari ɗakin da ke bayan muryar.