Wuƙaƙen Ƙwarya

Jikata Zuwaira ce ta tono su
a ƙasan adaka, cikin tsumman zane,
wuƙaƙe uku, tsatsa ta ci bakinsu.
Ta ce, "Iya, waɗannan me suke yankawa?"
Na ce, "Ba sa yanka, ƙuna suke yi."

Shekara goma sha tara rabona da su.
Tun da roba ta sauka a kasuwar Gantsa,
ja da shuɗiya, ga arha, ga ba ta fashewa,
masu nono ma suka daina tambayata,
na koma suyar ƙosai a bakin tasha.
Hannu dai bai bar wuta ba,
aikin ne ya sauya.

Da can in na ɗora ƙwarya a cinya
ba na awo, ba na alama da gawayi.
Wuƙa ta tashi daga nan, ta zaga,
ta dawo ta tarar da kanta daidai inda ta baro.
Har daga Kafin Hausa ake aiko mini da duma.

Yau na wasa ɗaya a dutse,
na tura ta murhu har ta yi ja.
Ƙaurin nan ya tashi,
sai ga inuwar uwata a gefena tana gyaran murya.
Hanci bai manta ba.
Ido ma bai manta ba, ina ganin zanen
kwance a jikin ƙwarya tun ban taɓa ba:
tsani, sawun zabo, ƙayar kifi a baki.
Hannu ne kaɗai ya yi mini baƙunta.

Layin farko ya fice kamar ɗan akuyan da ya tsinke.
Na biyu ya yi zurfi har ya huda.
Zagayen da na faro
ya dawo ya wuce gidansa da faɗin yatsa biyu,
kamar wanda ya ɓata a unguwar da aka binne cibiyarsa.

Zuwaira ta tafa, "Iya, ya yi kyau!"
Ban tanka ba.
Ita ba ta ga na da ba.

An ce koyon ƙuruciya zane ne a kan dutse.
Mai wannan magana bai taɓa ajiye wuƙa ba.
Ni rijiyar bayan gidanmu na tuna,
wadda aka daina ja da aka kawo famfo:
ba ta ƙafe ba, leƙa ka gani,
sai dai ganye, da kwaɗo, da wari.
Kafin a sha sai an yashe.

Dab da magariba Lantana ta shigo aron rariya,
muna ta mitar tsadar wake,
wuƙa a hannuna, sakaina a cinya, hankalina a kan mudu.
Da ta fita na duba:
layi ɗaya, siriri, miƙaƙƙe,
irin na da.
Na ce bari in ƙara masa ɗan'uwa,
sai ya noƙe, kamar ya ji ana kallonsa.

To, na dai san yana ciki.
Zuwaira, gobe ki bi gida-gida
ki tattaro mini fasassun ƙorai,
kada ki ce wa kowa don me.
Yanzu miƙo mini robar nan,
waken gobe bai jiƙu ba.