Ruwan da Ba Wanda Ya Dafa

Mun bar Pachuca da duku-duku,
mu huɗu a motar Crisóforo mai tari,
Baba a gaba, bargo har wuya,
hannunsa na dama a dunƙule kan cinya
kamar yadda yake tun faɗuwarsa ta bara.

Kwalta ta ƙare, tsakuwa ta karɓa.
Ga allo da fentin da ya zubo kamar hawaye:
ruwan zafi, babba sittin, yaro talatin.
Doña Eufrosina ce a bakin ƙofa,
kuɗi a gwangwanin biskit, canji a aljihun riga.
Ta leƙo, ta ga Baba, ta turo mana sittin baya:
"Wanda ya girme ni ba ya biya."

Kwami uku ne kacal, da rumfar kwano,
da wani shuɗin indararo mai lanƙwasa biyu
inda yara ke sulmiyowa da ihu.
Surukinta na kan tsani yana liƙe tsaga,
jikarta na gasa masara, tana goga lemon tsami da barkono,
rediyo na rataye a reshe, shi ma tarin yake yi.

Daga cikin dutse ruwan ke fitowa.
Ba murhu, ba itace, ba wanda ya hura.
Yana warin farar wuta, yana tururi,
kamar ƙasa ta ɗora girki tun fil'azal
ta manta ba ta sauke ba.

Nayeli 'yata ta hau indararo sau goma sha ɗaya,
kowane hawa sai ta kira ni in gani.
Ban gani ba.
Ina riƙe da Baba ta hagu, Crisóforo ta dama,
taki ɗaya, mu tsaya, taki biyu,
ruwa a gwiwa, ruwa a ƙugu, ruwa a ƙirji.
Ya ja iska ta tsakanin haƙora.
Mutumin da a tudu nauyin buhu gare shi,
a nan bai fi kara ba.

Ya daɗe yana kallon gindin matakala.
Sannan, da harshen nan nasa mai jan ƙafa:
"Awaki... nan suke sha.
Ba siminti. Laka.
Nicanora... wanki."

Shekara huɗu rabon bakinsa da sunan Mama.
Ni kuwa ban taɓa sanin ta zo nan ba,
ban san a nan ya fara ganinta ba,
hannu cikin kumfa, kitso ya jiƙe,
shi yana ƙaryar neman akuyar da ba ta ɓata ba.

Tsohuwa ta ji, ta taso da gwangwaninta:
"Nicanora? Mai wushirya? Mai jan baho?
Sabulu ta ara mini ranar wata Talata,
ga shi har yau ban mayar ba!"
Baba ya yi dariya da rabin fuska,
ɗaya rabin ya tsaya yana sauraro.

A ƙarƙashin ruwa na gani:
ƙaramin yatsa ya miƙe,
na kusa da shi ya biyo, a tsorace.
Biyu kawai.
Na kau da kai, na yi shiru,
kada hannun ya ji mu ya fasa.

La'asar ta yi, fatarmu duk ta yamutse.
Nayeli ta yi barci da totuwa a hannu.
Muna tayar da mota tsohuwa ta ƙwanƙwasa gilashi,
ta miƙo sabulu, rawaya, na wanki,
irin mai arha, ko takarda babu.

Kafin mu hau kwalta hannun ya koma ya dunƙule.
Amma sabulun na ciki.