Falalen Dutse a Madafata

Shekara goma sha tara ina girki a durƙushe,
turmi a kife shi ne teburina,
gwiwata ta haddace kowane rami na daɓen madafa.
Ran da likita ya ce bayana ya gaji,
na fasa asusun kuɗin masa,
na ce a bana a tsaye zan yanka albasa.

Sambo mai tayil ya kai ni wurin masu dutse,
can bayan kasuwar Wunti,
an jingina su da bango kamar ƙyamaren da ke jiran ɗakuna.
Ga wani fari fes, har ina hango ɗankwalina a cikinsa.
Mai shago ya ce, "Hajiya, marmara ke nan,
irin na gidajen manya."
Ni ko da shirina na zo a jaka:
manja a 'yar kwalba, ɓarin lemon tsami,
da ragowar zoɓon jiya.
Na roƙi ɓallin kowanne, na ɗiɗɗiga musu,
na zauna a benci, muka sha hirar tsadar siminti.
Da na goge,
farin ya riƙe zoɓon kamar mai riƙon gaba,
lemon ya ci masa fuska.
Baƙin nan kuwa, mai zanen zabo,
ko gezau.
Na ce a ɗauko shi, wannan ɗan gida ne,
jinin duwatsun hanyar Dass,
rana ta gasa su, damina ta dake su,
ba su taɓa kai ƙara ba.

Sambo bai auna bango ba sai da ya auna ni,
daga ƙasa zuwa kusa da gwiwar hannuna.
Ya ce kanta ta mai girki ce,
in ta yi tsawo kafaɗa za ta biya.

Yanzu kowa a gidan ya san halina.
Ba a yanka a kansa, ga katako nan,
ba don dutsen kaɗai ba, wuƙata ma tana da haƙƙi.
Soson ƙarfe ya tsaya a gindin tukunya,
shi sai tsumma da ruwan ɗumi.
Ruwan tsamiya in ya zuba, ba ya kwana.
Ƙullun masa in ya bushe a gefe,
da farce nake lallashinsa.

Sai Inna ta zo daga Darazo ganin ido.
Ta shafa shi, ta ƙwanƙwasa, ta taɓe baki:
"Dutsen da ba a niƙa a kansa,
na mene ne?"
Washegari ina wajen tanda na ji ƙas!
Ta ɗora daddawa a kusurwa,
ta sa 'yar taɓarya,
kusurwar ta ɓalle kamar haƙorin yaro.
Na faɗi maganar da ba a faɗa wa uwa.
Ba ta tanka ba.
Ta tsince ɓallin, ta ƙulle a bakin zane,
ta ƙarasa miyarta,
kuma miyar ta yi daɗi, abin da ya fi ba ni haushi.

Da kaka ta rasu.
Cikin kayanta, tsakanin carbi da kwalbar kwalli,
muka tarar da shi, ɗan baƙi mai zanen zabo.

Sambo ya zo da gam da garin dutse,
ya ce minti goma, ko ke ba za ki gane wurin ba.
Na ba shi masa biyar da kuɗin mashin,
na ce ya gaida gida.

Kullum da asuba, kafin in kunna wuta,
ina goge shi tas, daga bango zuwa baki,
sai tsumman ya sarƙe a kusurwar nan,
babban yatsana ya faɗa ciki.
Daidai shi.